PowerShell yana mutuwa a tsakiyar rahoton vCenter na dare, amma da rana lafiya ƙalau yake

MaiSabar_Garki ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman taimakon waɗanda suka fi ni daɗewa a kan vCenter, manhajar VMware da ake kula da sabobi da ita daga wuri guda, domin akwai matsalar da ta shiga mako na uku tana wahalar da ni, kuma na kai inda duk abin da na taɓa sai in ji laluɓe kawai nake yi a cikin duhu.

Ina aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikata a Garki, nan Abuja. Muna da sabar ESXi (manhajar da ke gudanar da kwamfutoci da yawa a kan na'ura ɗaya) guda shida a hedikwata da guda biyu a reshenmu na Jos, dukkansu a ƙarƙashin vCenter 7.0 guda ɗaya, kuma VM ɗin da ke kansu, wato waɗannan kwamfutocin da ke gudana a cikin sabar, sun haura 140. Akwai VM ɗaya mai Windows Server 2019 da muka keɓe domin rubutun umarni na PowerCLI, wato umarnin sarrafa vCenter daga PowerShell, manhajar umarni ta Windows. A cikinta ne wani dogon rubutu yake, wanda na gada daga wanda ya riƙe wannan kujera kafin ni. Kullum da ƙarfe 2 na dare Task Scheduler, manhajar Windows mai tayar da aiki a kan lokaci, yake tayar da shi, ya shiga vCenter, ya tattaro jerin VM da tsofaffin sinafshot ɗin (hoton halin da VM take ciki a wani lokaci) da aka manta da su da sararin da ya rage a ma'ajiyar faifai, sannan ya ɗebo tarihin abubuwan da suka faru ta hanyar Get-VIEvent, ya zuba komai a fayil ɗin CSV, ya tura wa shugaban sashenmu ta imel. Ya yi shekaru yana wannan aiki ba tare da kowa ya waiwaye shi ba.

Yanzu ya fara mutuwa a hanya. Da farko dare ɗaya a cikin huɗu ko biyar ne imel ɗin ba ya zuwa, daga baya ya koma yau a samu gobe a rasa, a wannan makon kuwa tun Litinin bai kammala ko sau ɗaya ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan na iso ofis na buɗe PowerShell da asusuna na gudanar da rubutun nan da hannuna, ba tare da na canza ko harafi ɗaya ba, sai ya yi tafiyarsa har ƙarshe cikin kusan minti 50, rahoto ya fito cif.

Na sa $ErrorActionPreference a kan Stop, na lulluɓe rubutun gaba ɗaya da try da catch, wato tarkon kama kuskure, amma catch ɗin bai taɓa kama komai ba. Na sa Start-Transcript, mai rubuta duk abin da ya faru a fayil, a farko, sai na tarar fayil ɗin ya yanke a sashen Get-VIEvent, babu saƙon kuskure, babu ma layukan rufewa da yakan rubuta a ƙasa. Na ɗaga WebOperationTimeoutSeconds, wato wa'adin jiran amsa daga vCenter, daga daƙiƙa 300 zuwa 1800. Na sabunta kalmar sirrin asusun da aikin yake gudana da shi. Na ma zargi wuta, domin a tsakar dare ne aka fi ɗauke ta a unguwar, kuma akwai ɗan jinkiri kafin janareto ya karɓa, saboda haka na mayar da aikin ƙarfe 4 na asuba, amma babu abin da ya sauya. Abin da kawai Task Scheduler yake nuna mini a gurbin sakamakon ƙarshe shi ne 0xE0434352.

Yallabai ya saba ya tarar da rahoton nan kafin ya sha shayi, yanzu kuwa tun ina kan titin Kubwa kiransa yake shigowa. Daga ina ya kamata in fara?

Injiniya_Rayfield ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo sauƙi. Kafin ka ƙara taɓa komai, ina ganin ya kamata mu rarrabe abin da muke kira mutuwar rubutu, domin al'amura uku ne mabambanta muke haɗawa a cikin kalma ɗaya, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki.

Akwai rubutun da ya ci karo da kuskure ya tsaya, alhali powershell.exe yana nan da ransa har ya rufe kansa a tsanake. Wannan shi ne irin wanda catch yake kamawa, kuma a irinsa za ka ga layukan rufewa a ƙasan fayil ɗin Start-Transcript. Akwai kuma wanda aka kashe daga waje, ko dai Task Scheduler ya tsayar da shi saboda ya wuce wa'adin da aka ba shi, inda za ka ga 0x41306, ko VM ɗin ta sake tashi, ko manhajar riga-kafin cutar kwamfuta ta sare shi. Na uku shi ne wanda shirin da kansa ya kife yana tsakiyar aiki. Naka na ukun ne, kuma lambar da ka kawo ce ta faɗa. 0xE0434352 ita ce lambar da injin .NET yake fita da ita idan wani kuskure ya taso babu wanda ya tare shi. Idan ka mayar da 43 da 43 da 52 na ƙarshenta zuwa haruffan ASCII za ka samu CCR, wato sa hannun injin ne. Ba ta gaya maka wane kuskure ba ne, ta dai gaya maka daga wane gida ya fito.

Dalilin da ya sa catch ɗinka bai kama shi ba shi ne, catch yana tsaron zaren aikin da rubutunka yake tafiya a kai ne kawai. PowerCLI kuwa yana da wasu zaruruwan da suke aiki a bayan fage, kuma tun daga .NET Framework 2.0 ƙa'idar ita ce duk kuskuren da ba a tare ba a kan kowane zare, shirin gaba ɗaya yake kayarwa. Saboda haka ko ka lulluɓe rubutun da try goma, gidan ne yake rushewa da kai da try ɗin a ciki.

Ka buɗe Event Viewer a kan wannan VM ɗin, ka shiga kundin Application, ka nemi lokacin da fayil ɗinka ya yanke. Ya kamata ka tarar da shigarwa biyu kusa da juna. Mai lamba 1026 daga .NET Runtime ita ce za ta ba ka ainihin sunan kuskuren da jerin ayyukan da ake ciki lokacin da ya faru. Mai lamba 1000 daga Application Error za ta ba ka sunan ɓangaren da ya faɗi, da cikakkiyar hanyar fayil ɗin powershell.exe da aka gudanar. Ina roƙonka ka karanta wannan hanyar harafi bayan harafi, kada ka wuce ta da ido. Sunan ɓangaren kuwa, idan ka ga KERNELBASE.dll kada ka ɗora masa laifi, domin ta cikinsa ake jefa kusan kowane kuskure na .NET. Da lambar ta kasance 0xC0000005 ne, da sai mu fara zargin wani abu da ya kutsa cikin shirin daga waje, da kuma 0xC00000FD ce, da sai mu nemi aikin da yake kiran kansa babu iyaka. Game da zargin wuta, kundin System zai raba gardama cikin minti ɗaya: idan babu lamba 41 ko 6008 ko 1074 a darerun, VM ɗin ba ta mutu ba, ka wanke janareto.

Sai maganar da ta fi muhimmanci a wurina. Ka ce ba ka canza ko harafi ɗaya ba tsakanin gudun rana da na dare, kuma na yarda, amma rubutun ne kawai bai canza ba. Asusun daban ne, foldar modul ɗin da yake gani daban ce, fayil ɗin furofayil daban ne, kuma mai yiwuwa shi kansa powershell.exe ɗin daban ne. Ka sa waɗannan layuka a cikin rubutun, bayan Connect-VIServer, ka bar su su shiga fayil ɗin Start-Transcript da dare, sannan ka kwatanta da abin da suke ba ka da rana:

[Environment]::Is64BitProcess
$PSVersionTable.PSVersion
$env:PSModulePath
Get-Module VMware* | Select-Object Name, Version, Path

Sannan bayan kowane sashe na rubutun ka sa (Get-Process -Id $PID).PrivateMemorySize64 / 1MB domin mu ga yadda cin RAM yake hawa. Ba sai ka jira dare ba ma. Ka danna Run a kan aikin daga cikin Task Scheduler da rana tsaka, zai gudana da asusunsa da yanayinsa na dare.

Idan duk wannan bai bayyana komai ba, ka buɗe rajistar Windows ka ƙirƙiri maɓallin LocalDumps a ƙarƙashin HKLM\SOFTWARE\Microsoft\Windows\Windows Error Reporting, ka sa DumpType ya zama 2, sai Windows ya ajiye maka cikakken hoton ƙwaƙwalwar shirin a daidai lokacin da ya faɗi, a bincika shi da WinDbg. Ka dai tabbata faifan yana da sarari, kuma kada ka ɗora wannan fayil a intanet, domin kalmar sirrin vCenter tana iya kasancewa a cikinsa.

Hajiya_Utako ta rubuta:

Malam, sannu da fama. Abin da Injiniya ya faɗa shi ne hanya, ni dai ta ɗaya ɓangaren zan leƙa, domin akwai abu ɗaya a bayaninka da ya tsaya mini a rai: matsalar ba rana ɗaya ta faɗo ba, a hankali ta riƙa ƙaruwa har ta zama ta kullum. Abin da ya lalace saboda sabuntawa ko canjin kalmar sirri ko satifiket da ya ƙare, lokaci ɗaya yake lalacewa, daren jiya lafiya, na yau babu. Abin da yake taɓarɓarewa sannu a hankali kuwa, wani abu ne yake girma yana matsowa kusa da wata iyaka. Tambayar ita ce, mene ne yake girma a wurinku?

Tunda a Get-VIEvent yake yankewa, ka kawo mana layin yadda yake. Asalin wannan umarni shigarwa 100 kawai yake dawowa da ita, shi ya sa masu rubutu da yawa suke sa -MaxSamples ([int]::MaxValue) domin su kwashi komai, kuma idan ba a haɗa shi da -Start ba, ma'anarsa a kwaso duk tarihin da ke cikin rumbun bayanan vCenter a zuba a RAM ɗin shiri guda. Kowace shigarwa kuma ba layin rubutu ba ce kawai, abu ne mai ɗauke da bayanan VM da na saba da na mai amfani. vCenter yana ajiye wannan tarihi na kwana 30 ne idan ba a taɓa saitinsa ba. Ka tambaya ko wani ya ƙara wannan wa'adi a watannin baya, kuma ka duba ko akwai abin da ya fara surutu fiye da da: manhajar bakof da ke ɗaukar sinafshot tana gogewa kowace awa, ko manhajar sa ido da ke shiga tana fita kowane minti, ko sabobinku na Jos idan layin da ya haɗa su da Abuja yana yawan katsewa, domin kowace katsewa da dawowa tana haifar da shigarwa a kan sabar da kuma VM ɗin da ke kanta, ga ƙararrawar da take tayarwa.

Dalilin da ya sa na damu ya wuce rahoton Yallabai. Tun daga 7.0 babu vCenter na kan Windows, sai wanda yake zuwa a shirye a kan Photon OS, kuma faifansa a rarrabe yake. Wannan tarihin yana zaune ne a /storage/seat. Ka shiga ta SSH ka buga df -h, ko ka buɗe shafin kula da shi a tashar 5480, ka ga kashi nawa ya cika. Idan wannan ɓangare ya kai kashi 95 cikin ɗari, vpxd, babban shirin da ke tafiyar da vCenter, yana tsayar da kansa domin kare rumbun bayanai, kuma ranar da hakan ta faru ba rahoto kaɗai za ka rasa ba, vCenter ɗin ne gaba ɗaya ba zai buɗu ba. Na taɓa kwana a ɗakin saba saboda wannan, da rigar sanyi a kan atamfa, ina faɗaɗa faifai ƙarfe 3 na dare, kuma ba na yi wa kowa fatan irinsa. Ka kuma leƙa /var/log/vmware/vpxd/vpxd.log a daidai lokacin da rubutun yake mutuwa, da /storage/core, domin mu tabbatar ba vpxd ɗin ne yake faɗuwa yana tashi ba.

Game da ɗaga WebOperationTimeoutSeconds, ba a nan gizo yake saƙa ba. Da wa'adin jira ne ya ƙare, da ka ga saƙon kuskure a rubuce, kuma da catch ya kama shi. Ka mayar da shi yadda yake, domin kada ka tara canje-canjen da gobe ba za ka tuna dalilinsu ba.

MaiLinux_Jabi ya rubuta:

Da izinin manya, ni ina ganin ana ɓata lokaci a kan gyaran abin da ya kamata a ajiye. Windows PowerShell 5.1 ba a ƙara masa sababbin abubuwa, ci gaba ya koma PowerShell 7, kuma tun sigar 10 da ta fito a 2018 PowerCLI yake aiki a kan Linux. A wurinmu ƙaramar VM ce mai Ubuntu take yin irin wannan rahoto ta hanyar cron, kuma wasu ayyukan ma da govc ko pyVmomi muke yin su, ba ma bi ta PowerShell sam. Ka sake rubuta shi daga farko a kan Linux, ka huta da Task Scheduler da Event Viewer baki ɗaya. Ban da haka, tallafin gama-gari na vSphere 7, wato vCenter da ESXi ɗin da kuke kai, ya ƙare a watan Oktoba na 2025, saboda haka ko ba jima ko ba daɗe sai kun ɗaga vCenter ɗin, kuma tsohon rubutun zai buƙaci dubawa a lokacin ko ana so ko ba a so.

Injiniya_Rayfield ya rubuta:

Ƙanena, maganarka a kan tallafin vSphere 7 gaskiya ce, kuma ya kamata mai tambaya ya kai ta gaban shugabansa a rubuce, musamman yanzu da tsarin lasisi ya sauya bayan Broadcom ta sayi VMware a 2023, domin kasafin kuɗin irin wannan aiki ba a wata ɗaya ake samunsa a ma'aikata ba. Amma ban yarda a yi ƙaura kafin a san abin da ya kashe rubutun ba. Idan zargin Hajiya ya tabbata, wato rubutun yana kwasar tarihi babu iyaka, to za a ɗauki wannan ɗabi'a a kai ta Ubuntu, ta ci RAM har ƙwayar Linux (kernel) ta kashe shirin da kanta, sai a dawo nan ana tambayar abin da ya sa rubutu yake mutuwa babu saƙo, wannan karon a cikin dmesg. Kuma idan /storage/seat ne yake cika, sauya wurin da rubutun yake gudana ba zai rage masa ko megabayit ɗaya ba. Akwai kuma abin da ake mantawa: fayil ɗin kalmar sirri da aka adana da Export-Clixml a kan Windows a ɗaure yake da asusun da ya rubuta shi da kwamfutar da aka rubuta shi a kai, ba ya bin mutum zuwa wani wuri. A gano cutar tukuna, ƙaura ta biyo baya a tsanake.

MaiSabar_Garki ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi abin da kuka ce, kuma Injiniya da Hajiya kowannensu ya riƙo gefe ɗaya na abu guda.

Shigarwa mai lamba 1026 ta nuna System.OutOfMemoryException. Na yi mamaki, domin VM ɗin tana da RAM gigabayit 16 kuma ban taɓa ganin ta cika ba. Sai na karanta hanyar da ke cikin mai lamba 1000 kamar yadda Injiniya ya nace, sai ga ta: C:\Windows\SysWOW64\WindowsPowerShell\v1.0\powershell.exe. Na buɗe aikin a Task Scheduler, ashe haka aka rubuta a gurbin shirin tun asali, kuma sau nawa ina buɗe wannan taga idona yana tsallake ta. Wato da dare PowerShell mai bit 32 ne yake gudana, da rana kuwa na System32 nake buɗewa, wanda shi ne mai bit 64, duk da sunayen foldojin suna nuna kamar akasin haka. Layin Is64BitProcess ya ba ni False daga Task Scheduler, True daga asusuna. Awon RAM ya nuna rubutun yana ƙasa da megabayit 300 har ya gama sashen sinafshot, daga shiga Get-VIEvent ya fara hawa, kuma awo na ƙarshe da na gani a Task Manager kafin ya ɓace ya haura 1,400.

Modul ɗin ma daban ne. Asusuna yana ɗaukar PowerCLI 13 daga foldar Documents ɗina, asusun aikin kuwa ba shi da wannan folda, sai ya faɗa kan wani tsohon PowerCLI da aka girka da MSI a ƙarƙashin Program Files (x86), wanda ban ma san yana nan ba.

Layin da Hajiya ta nema kuwa, ga shi kamar ta gani da idonta: Get-VIEvent -MaxSamples ([int]::MaxValue), babu -Start, kuma a ƙarƙashinsa akwai foreach da yake tara sakamako da $rahoto += $layi. Sai bayan an kwaso komai ne ake tace na awa 24 da suka wuce da Where-Object. Na tambayi abokin aikina, ya tuna mini cewa bayan zuwan masu binciken odit an umarce mu mu riƙa ajiye tarihi na kwana 90, kuma shi ne ya canza saitin kimanin wata biyu da suka wuce. Tun daga ranar vCenter ya daina goge tsoho, tarihin yana ƙaruwa kullum. Ga shi kuma layin Jos ya yi ta katsewa a wannan tsakanin, kuma shigarwar katsewa da dawowa sun cika shafuka. /storage/seat yana kashi 81. vpxd bai faɗi ba, /storage/core babu komai, kuma kundin System ya wanke janareto.

Abin da na yi zuwa yanzu: na mayar da aikin kan powershell.exe na System32 tare da -NoProfile da -NonInteractive da -File, na girka PowerCLI 13 da -Scope AllUsers domin kowane asusu ya ga abu ɗaya, na sa -Start (Get-Date).AddDays(-1) a kan Get-VIEvent, na cire += na bar sakamakon ya bi bututu kai tsaye zuwa Export-Csv, na kuma mayar da wa'adin jira 300. Na danna Run daga Task Scheduler, ya gama cikin minti 7, RAM bai kai megabayit 400 ba. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da zai sa mutum ya zaɓi mai bit 32 da gangan, da kuma dalilin da ya sa ya mutu a 1,400 alhali na san iyakar ta fi haka.

Injiniya_Rayfield ya rubuta:

Alhamdu lillahi. Kada ka ga laifin wanda ya gabace ka, mai yiwuwa a zamaninsa daidai ya yi. A tsofaffin sigogin PowerCLI akwai umarnin da ba sa aiki sai a PowerShell mai bit 32, Invoke-VMScript yana cikinsu, saboda haka da yawa daga cikinmu mun saba rubuta SysWOW64 a kowane aiki, kuma aikin yakan bi mutum daga tsohuwar saba zuwa sabuwa ta hanyar fitarwa da shigarwa ba tare da an sake karanta shi ba.

Game da 1,400, iyakar asali ta shiri mai bit 32 gigabayit 2 ce ta adireshin ƙwaƙwalwa, komai yawan RAM ɗin da ke cikin na'urar, kuma a cikin wannan fili ne dukkan fayilolin DLL da injin .NET kansa suke zaune. Sannan += ɗin nan ya taimaka wajen kisan. Jeri a PowerShell ba ya faɗaɗa. Duk lokacin da ka ƙara abu ɗaya, sabon jeri ake ginawa a kwafe tsohon a ciki. Da jerin ya haura bayit 85,000, sai .NET ya riƙa ajiye shi a wani sashe na manyan abubuwa wanda ba ya matse giɓinsa da kansa. Sai a wayi gari akwai sarari idan an haɗa jimilla, amma babu wuri guda a jere da zai ɗauki sabon jerin, kamar motar da kujeru uku suka rage a warwatse ga iyali masu son zama tare. Shi ya sa irin waɗannan shirye-shirye suke shaƙewa tun ba su kai iyakar da ke rubuce ba.

Ka cire tsohon PowerCLI ɗin ta Programs and Features, sannan ka duba PSModulePath na na'urar ka tabbata hanyarsa ta fita. Amma kafin ka cire, ka bincika sauran ayyukan da ke Task Scheduler ɗin, domin idan wannan yana kan SysWOW64, da wuya a ce shi kaɗai ne, kuma duk wanda ke ɗauke da layin Add-PSSnapin zai buƙaci gyara, tunda PowerCLI na yanzu modul ne zalla.

Hajiya_Utako ta rubuta:

Madalla, Malam. Sai dai kashi 81 ɗin nan bai bar ni na saki jiki ba, domin idan kimanin wata biyu ne da canza saitin, kwana 30 na da da kusan 60 da suka ƙaru sun kawo tarihin dab da cika kwana 90 ɗinsa, amma zai iya ci gaba da hawa har sai an fara goge na farko. Ka rubuta adadin yau, ka sake dubawa bayan kwana uku, ka lissafa ko zai tsaya kafin 95. Idan ba zai tsaya ba, ka ɗauki bakof ta shafin 5480, ka faɗaɗa faifan tun da rana ido na ganin ido. Mafi dacewa kuma shi ne ka tura tarihin zuwa sabar syslog ta daban, masu odit su riƙa karantawa daga can, vCenter ya koma kwana 30 ɗinsa.

Kuma ka sani ranar da za su zo su ce ka fitar musu da na kwana 90 gaba ɗaya tana nan tafe. Idan ta zo kada ka koma wa MaxValue ko da kana kan bit 64. Ka ɗauko EventManager da Get-View, ka buɗe mai tattarawa da CreateCollectorForEvents, ka riƙa karantawa da ReadNextEvents, wanda ba ya wuce 1,000 a kira ɗaya, kana rubuta kowane kashi a fayil kafin ka ɗebo na gaba, kuma ka rufe shi da DestroyCollector idan ka gama, domin vCenter yana da iyakar adadin da yake bari a buɗe.

MaiSabar_Garki ya rubuta:

Na gode, Hajiya. Yau da asuba rahoton ya iso ƙarfe 4 da minti 9, kuma na shigo ofis wayata shiru. Injiniya ya yi gaskiya, na sami wasu ayyuka uku a kan SysWOW64, ɗaya daga cikinsu shi ne mai goge sinafshot ɗin da ya wuce kwana bakwai, kuma yana da Add-PSSnapin a layinsa na biyu, saboda haka ban cire tsohon PowerCLI ɗin ba tukuna sai na gwada shi a kan VM ɗin gwaji. /storage/seat ya koma kashi 82 da safiyar yau. Na rubuta wa Yallabai takardar neman izinin faɗaɗa faifan ranar Asabar.